Shagon likitan dabbobi a titin gidan Zoo: kejin ya biya kuɗinsa

Shagon ƙarami ne, a nan Kano, kuma kana shiga za ka gane masu kiwon kaji ne kwastomominsa, don warin dusa ne zai fara yi maka maraba. Kayan mage suna can wata kusurwa. Abin da ya kai ni, 'yar kyanwar da maƙwabciyata ta ba ni ce, wadda Dila, magen da na riga na mallaka, mai wata 5, ta ƙi jinin gani. Da ta hango ta sai huci, ta bi ta, ta danne.

Likitan bai yi gaggawar sayar mini da komai ba. Shekarunta ya fara tambaya. Da na ce sati 6, sai ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, an raba ta da uwa da wuri." Wai kamata ya yi ta kai aƙalla sati 8, domin wajen kokawa da 'yan uwanta ne kyanwa ke koyon iyakar cizo da yakushi. Ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya ce in dawo da ita rigakafi idan ta cika sati 8, na ciwon haukan kare kuma sai sati 12. Ya ja mini kunne kan farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Kejin waya mai naɗewa na saya, kuma shi ne ya yi aikin. Na sa ƙaramar a ciki da kwanon ruwanta da kaskon yashinta, a ɗaki daban. Kullum in goga tsumma a kumatun wannan in ajiye wa waccan ta shinshina. Daga baya na fito da kejin falo, suna ganin juna ta waya, kowa na cin abincinta a gefenta, zaman uwargida da amarya a satin farko. Ranar da na ga Dila ta zura hannu ta wayar ba tare da ta fito da farce ba, ranar na buɗe ƙofa.

Har yanzu suna dambatawa, amma ya koya mini bambancewa. In shiru suke yi, wannan ta hau waccan sannan su juya, wasa ne, a ƙyale su. In kunne ya kwanta, gashi ya miƙe, ana ƙara, ko ɗaya ce kullum ke gudun ɓuya, sai a shiga tsakani da kwali ko matashin kai, ba da hannu ba. Yarana ma an hana su ba ta yatsa tana ciza.

Inda ban yaba ba shi ne kayan wasa. Sandar nan mai gashin tsuntsu 'yar waje, ga tsada, kuma Dila ta tsige ta tun kafin magariba. Kara da zare da gashin zabuwa sun fi ta ƙarko, sai dai a ɓoye bayan wasa kada su haɗiye zaren. Sakatar kejin ma ba ta da ƙarfi, da waya nake ƙara ɗaure ta.

In za ki je, ki fara bugo waya, don likitan yakan tafi gonakin kaji da safe, yaron shagon kuwa bai san komai game da mage ba.