Daga Tulus: Yadda Ake Karɓar Ƙarfen Jirgin Sama

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Sakkwato, musamman magina da masu walda da ke yawan tambaya ko ƙarfen Turai ya fi namu. Jabu dai babu inda ba ya zuwa. Inda suka tsere mana shi ne wajen karɓar kaya.

A masana'antun da ke ƙera wa Airbus kayan haɗi a nan Tulus ta Faransa, in mota ta sauke alminiyam ko titaniyam, ba a wucewa da shi wurin aiki. Keji ake sa shi a kulle har sai mai duba inganci ya sa hannu, bisa ƙa'idar ingancin kayan jirgin sama ta EN 9100, wadda Amurka ke kira AS9100. Takarda ake fara dubawa. Kowane narki da aka yi a masana'antar ƙarfe yana da lambarsa, ana buga ta a jikin ƙarfen, ana kuma rubuta ta a takardar shaida, galibi nau'in 3.1 na EN 10204, ƙa'idar Turai ta takardun shaidar ƙarfe. Harafi ɗaya ya saɓa, an maƙala jan kati. In kayan ya bi ta hannun dillalai uku, dole a ga takardar kowannensu har a dangana da wanda ya narka. Kuma duk guntun da aka yanka sai an mayar masa da lambar, don ƙarfen da ba a san asalinsa ba, komai kyansa, bola za shi.

To amma takarda mutum ne ya rubuta ta, don haka sai an gwada. Akwai na'urar hannu ta XRF da ake ɗorawa a kan ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi ta faɗi abin da ke ciki. A alminiyam nau'in 7075 ya kamata a samu tutiya kashi 5.1 zuwa 6.1 cikin ɗari, a nau'in 2024 kuwa jan ƙarfe kashi 3.8 zuwa 4.9. A ido duk ɗaya suke. Sai dai na'urar ba ta ganin kabon, kuma ba ta san irin gashin wutar da aka yi wa ƙarfe ba, nan ne sababbin ma'aikata ke tuntuɓe. 7075-T6 da 7075-T73 sinadarinsu ɗaya, gashi ya raba su: na farko ya fi ƙarfi, na biyu ya fi jure tsagewar da tsatsa da nauyi ke haddasawa. Ana rarrabe su da awon tauri da awon yadda lantarki ke ratsa su, T6 wajen kashi 33 na abin da tsantsar jan ƙarfe ke yi, T73 wajen 40. Lokaci-lokaci kuma a yanki samfuri a aika ɗakin gwaji mai zaman kansa, a ja shi har ya tsinke.

Wannan tsanani ba banza ba. Kamfanin Sapa Profiles a jihar Oregon ta Amurka ya shekara 19 yana sauya sakamakon gwajin alminiyam. Hukumar NASA ta ɗora masa alhakin asarar taurarin ɗan'adam biyu, a 2009 da 2011, sama da dala miliyan 700, kuma a 2019 ya amince zai biya dala miliyan 46.

A gida fa? Mutum ya je sayen rodi, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, mai shago ya ce "wallahi cikakke ne, Alhaji," shi ke nan an loda. Abin yana damuna ƙwarai, domin a ƙarƙashin dakin ɗin nan iyali za su kwana. Ba mu da XRF a kasuwa, amma muna da sikeli. Rodi mai milimita 12 nauyin mita ɗayansa kilo 0.888 ne, wato mai tsawon mita 12 ya kai kilo 10.7, kusan guda 94 a tan. Mai milimita 16 kilo 18.9 ne, guda 53 a tan. In aka ba ka 12 alhali kaurinsa 11 ne, kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen ya tafi, ido kuwa ba zai gane ba.

Ku auna tsawo, ku ɗora guda uku ko biyar daga tsakiyar ɗauri a sikeli kafin a biya. Ku duba tambarin masana'anta a jikin rodin, ku nemi shaidar inganci ta MANCAP daga SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, a kuma rubuta sunan masana'antar da kaurin a rasit. Sikeli ba zai faɗi ƙarfin rodin ba, don haka in ginin bene ne, injiniya ya yanki guntu ya kai gwajin ja kafin a zuba kankare.