Koya wa kare shinshina: a fara da abinci ko a fara da ƙamshi kai tsaye?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya kawo tambaya. Yana da kare ɗan wata tara, mai tsoron baƙi da ƙarar mota, kuma shi bai taɓa horar da kare ba. Ya samu masu horarwa biyu da ke koya wa kare da mai shi aikin gano abu da hanci. Na farko ya ce a makonni shida na farko abinci kawai karen zai riƙa nema a cikin kwalaye. Na biyu ya ce wannan ɓata lokaci ne, shi tun ranar farko zai gabatar masa da ƙamshin da ake so ya gane. Wanne zai shiga?

Malam, duka hanyoyin biyu suna fitar da kare mai aiki. Amma ga kare mai tsoro a hannun sabon shiga, ajin abinci muke ba ka shawara, kuma ga dalilanmu.

Aikin shinshina kashi biyu ne. Akwai nema, wato karen ya bi iska, ya leƙa lungu, ya jure har ya kai ga tushen ƙamshin. Akwai kuma tantancewa, wato ya san wane ƙamshi ne ake biyansa a kai, ya tsaya ya nuna. Ajin abinci yana gina nema tukuna, tantancewa ta biyo baya. Ajin ƙamshi yana juya tsarin. Kusan duk bambancin da za ka gani tsakaninsu daga nan ya samo asali.

Hanyar abinci ta yi suna ne daga Kalifoniya a Amurka, inda masu horar da karnuka uku, Ron Gaunt da Amy Herot da Jill Marie O'Brien, suka fara tsarin horon shinshina mai suna K9 Nose Work a 2006 domin karnukan gida. A darasin farko ana baza kwalaye biyar ko shida a buɗe, a sa 'yan gutsattsarin nama ko hanta a ɗaya. Kare ɗaya ne ke aiki a lokaci guda, sauran suna keji ko cikin mota, shi ya sa ajin ke karɓar kare mai tsoro ko mai faɗa da 'yan'uwansa. Ba a ce masa zauna, ba a ce masa zo, ba a nuna masa kwali da yatsa. In ya samu ya ci, sai mai shi ya ƙara masa biyu ko uku a cikin kwalin. Nema uku ko huɗu, kowane bai kai minti ɗaya ba, sun isa zama guda. A makonnin da ke biye ana rufe bakin kwalaye, a ɗora wani kan wani, a ɗaga abincin kan kujera, a fitar da shi daga kwali gaba ɗaya, a koma tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Sai karen ya ƙware a wannan ake ɗora abincin a kan ɗan gwangwani mai huji da ke ɗauke da ƙamshin, a yi ta haɗa su, sannan a janye abincin ya koma hannun mai kare.

Hanyar ƙamshi kuwa ita ce ta yawancin masu horar da karnukan aiki. Ana sa ƙamshin a gwangwani ko bututu guda. Da zarar hancin karen ya kai bakinsa sai a ce "yawwa", a ba shi lada a daidai wurin. Bayan ya gane, a ƙara gwangwani na biyu, na uku, har shida a jere, ana sauya musu wuri a kowane zagaye. Sannan a tsawaita tsayuwar hancin daga daƙiƙa ɗaya zuwa uku zuwa biyar kafin ladan ya zo. Kare mai zafin nama yana iya bambance ƙamshin cikin 'yan kwanaki, kuma alamar da yake yi in ya gano ƙamshin takan fito tsaf tun da wuri. Wannan fa'ida ce ta gaske, ba mu raina ta ba.

To amma dubi abin da kowace hanya ke nema daga gare ka. A ajin abinci kwalin ne ke biyan karen, don haka ko ka yi jinkiri ladan ya zo a kan kari. Aikinka ka rufe baki, ka sassauta igiya, ka zuba ido. Nan za ka koyi karanta shi: yadda kansa ke fizgowa baya in ya ratsa ƙamshi, yadda bakinsa ke rufewa, yadda numfashinsa ke komawa gajere da sauri, yadda wutsiya ke canza kaɗawa. A ajin ƙamshi kai ne mai biya, kuma tazarar da kake da ita ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba. In ka makara har ya ɗago kai ya dube ka sannan ka ce "yawwa", abin da ka koya masa shi ne ya taɓa gwangwani ya juyo. In hannunka ya riga bakinka zuwa jakar lada, zai daina shinshina ya koma kallon hannu. Ƙwararre ba ya faɗa wa wannan rami, sabon shiga kuwa kusan kullum sai ya faɗa, kuma kare mai tsoro da ya ga yana kuskure sau biyu sau uku yakan janye jiki ya bar aikin.

Ajin abinci ma yana da nasa ciwon kai, kuma yana zuwa ne lokacin janye abincin. Karen da ya daɗe yana farautar nama zai iya wuce ƙamshin ya tsaya kan ɓurɓushin da wani ya zubar. Maganinsa kada a tsawaita matakin haɗawa fiye da kima, kuma da zarar an janye a fara sa abinci a rufaffen mazubi cikin jerin, wanda ba a biyan komai a kansa. Kuskure na biyu shi ne barin kowane kwali ya zama na abinci. A ware guda ɗaya, a yi masa alama a ƙasa, shi kaɗai ke ɗaukar nama, in ba haka ba maiƙo da yawu za su game duka kwalayen. Na uku, irin waɗannan karnuka sukan saba da tattake kwali da yagarsa. A gida ba komai, amma a gasa ana rage maki, kuma ga karen da zai nemi abin fashewa wannan ɗabi'a ba a yarda da ita ko kaɗan. Karen ajin ƙamshi shi kuma raunin da aka fi gani a wurinsa shi ne ya iya jeri amma ya rasa yadda zai yi a babban fili, ya yi minti ɗaya ya dawo yana jiran a nuna masa.

Kan kula da ƙamshin kansa, azuzuwan biyu doka ɗaya suke bi, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa. A gasar Amurka ana amfani da man itacen birch da na anis da na kanumfari, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, da ta fara tata gasar a 2017 ta ƙara man itacen cypress. Ana yanka tsinken audugar goge kunne gida biyu, a zuba a kwalba mai murfi, a ɗiga man sau uku zuwa biyar a jikin kwalbar daga ciki, a rufe a bari ya kwana. A ɗauko tsinke da hantsaki, hannu cikin safa, a sa a gwangwani, a cire safar kafin a taɓa ƙofa ko igiya. Man nan ba na lasa ba ne, musamman na birch, don haka kada tsinken ya taɓa bakin kare. Sauran gwangwanayen jerin kada a bar su wayam: a sa tsinke mai tsabta a ɗaya, guntun safa a wani. In ba a yi haka ba karen na iya koyon warin auduga ko na yatsanka, kai kana zaton mai ya gane. Wurin da aka ɓoye ƙamshi yana riƙe saura bayan an ɗauke, saboda haka in kare ya tsaya a wurin jiya ba laifinsa ba ne.

Kanumfari shi ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu, sai dai yana cikin shayi da yaji da kunu da zoɓo na gidan. Sabon kare da ke cin karo da shi a madafa ba tare da lada ba zai rikice. In haka gidanka yake, nemi mai horarwa ya zaɓi abin da babu shi a gidan. Masu horarwa da yawa a Turai suna amfani da ɗan guntun jar robar abin wasan karnuka da ake kira Kong.

Zafi ma abin lura ne. Kare yana shinshina kusan sau biyar a daƙiƙa, kuma ba ya iya yin haka yana haki da baki buɗe. A yi aiki da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa. Ƙamshi yana tafiya kamar hayaƙin murhu: iska ta kwashe shi, ya taru a kusurwa, ya hau jikin bango mai zafi, don haka fanka ko buɗaɗɗiyar taga na iya sa karen ya nuna nesa da tushe. Haka kuma a kula da magani. Wani bincike na 2016 a kan karnuka 18 masu gano abin fashewa ya nuna rabinsu ƙarfin hancinsu ya ragu lokacin da ake ba su metronidazole, wato Flagyl. In karenka yana shan sa, a sauƙaƙa masa darasi, a kuma gaya wa likitan dabbobi irin aikin da yake yi.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi wa masu horarwar biyu, wadda a wurinmu ta fi zaɓin hanya nauyi: yaushe za ka fara nema ba ka san inda aka ɓoye ba, kuma ana yin zagayen da ba a ɓoye komai ba? A 2011 Lisa Lit da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada ƙwararrun karnuka 18 da masu riƙe da su a ɗakunan da babu ƙwaya babu abin fashewa. An gaya wa mutanen cewa jar takarda na nuna inda aka ɓoye abu. A nema 144 an samu nunin ƙarya 225, kuma sun fi yawa a inda takardar take. Mutum yana rage tafiya, yana juya kafaɗa, yana riƙe numfashi a inda yake zato, karen kuma yana karanta shi. Ajin da kullum ka san amsa yana horar da kare ya bi jikinka. Gwajin farko na NACSW, ƙungiyar da ke shirya gasar shinshina a Amurka, kwalaye 12 ne iri ɗaya cikin minti uku, mai kare bai san wanne ke ɗauke da ƙamshin ba, kuma wannan ma'auni ne da za ka iya shiryawa a gida da taimakon mutum ɗaya da zai ɓoye ya fita daga ɗakin.

Ka sani kuma duka azuzuwan nan biyu ba sa mai da kare na gano ƙwaya ko bam. Wannan yana buƙatar ainihin kayan, kuma riƙe su sai hukumomi irin su NDLEA da 'yan sanda masu sashen karnuka. Wanda ya ce zai kawo maka wiwi gida don horo zai jawo maka shari'a ne.

Kafin ka biya kuɗi, je ka kalli darasi ɗaya ba tare da karenka ba. Duba ko ana fito da karnuka ɗaya bayan ɗaya, ko ana fizgar igiya in kare ya yi kuskure, ko mai horarwa yana gyara mutum ko kare kawai yake kallo. In ajin abincin ya tsallake wannan, shiga da ɗamarar ƙirji, igiya mai tsawon mita uku, da lada mai laushi da aka yanka ƙanana, kuma ka zo da karen bai ƙoshi ba. Ranar da ya iya shiga ɗakin da bai sani ba ya yi nema na minti biyu bai waiwaye ka ba, ya isa a kai shi wurin mai horarwa na biyu ya gyara masa tsayuwar hanci a jerin gwangwani.