Kafin ka saya wa laftof ɗinka ƙarin allo, leƙa gefenta

Mai lissafin kaya a Excel da mai zanen fosta da ɗalibin jami'ar KNUST ta Kumasi da ke fama da rubutun kammala digiri, duk wahalarsu ɗaya ce da allo mai inci 14: buɗe wannan, rufe wancan, kafin ka kai lambar inda za ka rubuta ta har ta sulale maka daga kai. Shi ya sa bidiyon laftof mai fukafukai, allo a dama allo a hagu, yake shiga rai. Sai dai ba a cika nuna gefen laftof ɗin a bidiyon ba, kuma can maganar take. Ramukan da ke jikinta su za su yanke abin da za ka iya saya tun kafin a zo batun kuɗi.

Mu fara da USB-C, domin shi ya fi cin kuɗin mutane a banza. Ramin iri ɗaya ne a ido, amma aikinsa ya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wani caji da kwafar fayil kawai yake yi, wani kuma yana fitar da hoto ta tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode. In ka ga alamar walƙiya a gefen ramin, galibi Thunderbolt ne, kuma yana fitar da hoto. In ka ga harafin D mai P a cikinsa, shi ma haka. In babu alama, rubuta cikakkiyar lambar samfurin laftof ɗin a intanet ka karanta bayanin kamfanin da ya ƙera ta. Wannan ya shafe mu ƙwarai a Kumasi, tunda yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne da aka shigo da su daga waje. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika gari, tana da USB-C amma ba ya fitar da hoto, kuma ba ta da HDMI, DisplayPort da VGA gare ta. Ƙanwarta G5 tana da Thunderbolt da HDMI: sunan gida ɗaya, hali daban. ThinkPad T480 ma tana fitar da hoto ta USB-C. 

Da ka san ramukanka, zaɓi na farko shi ne allon tafi-da-gidanka guda ɗaya, irin su ASUS ZenScreen da Lenovo ThinkVision M14 da ViewSonic, da kuma tarin na China masu sauƙin kuɗi irin su Arzopa. Yawancinsu inci 14 ne ko 15.6, ƙudurin hoto 1920 sau 1080, nauyi bai kai kilo ɗaya ba, suna shiga jaka tare da laftof. Ga mai USB-C mai hoto, kebul ɗaya ya gama komai, hoto da wuta duka ta cikinsa. Wanda HDMI kaɗai gare shi kebul biyu zai riƙe, domin HDMI ba ya ciyar da allo wuta. Kuma a kula, ba kowane samfuri ne ke da ramin HDMI ba. M14, alal misali, USB-C kaɗai yake karɓa, duk kyansa ba shi da amfani ga mai tsohuwar laftof.

Wutar ita ce wurin da ake yawan zargin allo da laifin da ba nasa ba. Tsohon ramin USB mai faɗi, ko da mai shuɗin ciki ne, abin da aka tsara ya bayar wat 4.5 ne, baƙin kuwa 2.5. Allo mai inci 15.6 in an ƙure haskensa yana iya neman fiye da haka, sai ya dinga ƙiftawa yana mutuwa yana dawowa. Maganin kan caja na waya mai ƙarfi ne ko fawa bank. In kuma daga laftof yake sha, to batirinta ne ke biya, kuma batirin laftof ta hannu dama ya ga jiya. Duk da haka, wannan ne allon da ba ruwansa da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki: an ɗauke wuta, aiki na tafiya, ko da na ɗan lokaci ne. A ganina, ga mai yawo tsakanin shago a Adum da gida a Aboabo, nan ya kamata kuɗinsa ya tafi. Ya nemi allo nau'in IPS don kada launi ya juye in ya kalla daga gefe, haske kuma ya kai nit 300 (nit ma'aunin hasken allo ne) in wurin aikinsa ƙofa a buɗe take.

Sai mai fukafukan, irin na Mobile Pixels da Xebec, wanda ke maƙale wa murfin laftof da maganaɗisu ko da maƙali, allo ɗaya ko biyu su zaro ta gefe. Yana da kyan gani, ban musa ba. Amma nauyinsa a kan hinjin murfin yake sauka, kuma hinjin an yi shi ne don ɗaukar siririn allo guda. Kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: zai tafi yau, zai tafi gobe, wata rana ka ji ƙas. Masu ƙafar jingina a baya sun fi dama, in dai za ka tuna ka kafa ta kullum. Sannan allo biyu hanyar hoto biyu suke so. Laftof mai HDMI ɗaya da USB-C mara hoto ba za ta ciyar da su ba, kuma kada wani ya sayar maka da ɗan akwatin nan mai raba HDMI gida biyu da sunan mafita. Shi hoto ɗaya yake maimaitawa a allo biyu, ba ya ƙara maka fili ko taƙi.

Hanyar da ake bi a kauce wa wannan ita ce adafta ko dok (akwatin ƙarin ramuka) mai fasahar DisplayLink, wanda ke tura hoto ta USB na yau da kullum bayan an sa masa manhajarsa. Yana yi wa aikin ofis daidai. Ga wasan kwamfuta ko tace bidiyo za ka ji jinkiri, kuma yana ƙara wa furosesa aiki. In laftof ɗin ta wurin aiki ce da aka kulle, mai yiwuwa ma ba za ka iya sa manhajar ba. Masu MacBook Air mai M1 ko M2 su sani allon waje ɗaya tak Apple ya ba su. M3 tana ɗaukar biyu amma sai an rufe murfi, sai a M4 ne aka samu biyu murfi a buɗe.

Yanzu ga wanda hannunsa ke ƙaiƙayi, akwai hanyar da ta fi kowace daɗi: allon matacciyar laftof. Masu gyara a wajen PZ da ke Adum suna da su jibge, uwar bod ta ƙone amma allon lafiya lau. Ka cire firam ɗin roba na gaba, ka kwance ƙananan sukurori, ka kwantar da allon a kan tawul fuska ƙasa. A bayansa akwai takarda mai lamba, irin B156HAN ko LP140WF. B na AU Optronics ne, LP na LG, lambobi ukun da ke biye kuma girman ne, 156 inci 15.6, 140 inci 14. Da wannan lambar cikakkiya, har wutsiyarta, za ka nemi bod ɗin da zai tuƙa shi, wanda ke da ramin HDMI da ɗan faifan maɓallai na haske. Yawanci daga China ake odarsa, a jira makonni. Kada ka sayi bod da sunan laftof, domin samfuri ɗaya kan zo da allo daga kamfanoni daban-daban. Mahaɗin tsofaffin allo nau'in LVDS ne, galibi mai fil 40, na sababbi eDP, galibi mai fil 30, kuma ba sa shiga wa juna. Mafi yawan bod ɗin adafta mai volt 12 suke so, wato ka koma neman soket, sai dai in ka dace da mai shan wuta ta USB.

Shawara biyu a nan. Kada ka jefar da murfin asali, shi ne gidan da ya fi dacewa da allon. Ka mayar da shi ciki, ka ɗaure bod ɗin a baya cikin ɗan akwatin roba, don allon tsirara siriri ne, matsa ɗaya da yatsa ta isa ta tsaga shi, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa bod a buɗe. Na biyu, in allon mai 1366 sau 768 ne, ko tsoho ne mai fitilar CCFL da ke buƙatar inbata mai wuta mai ƙarfi, bar shi inda ka gan shi. Wahalar ta fi ribar. Kuma gaskiya wannan allon na tebur ne. Wanda zai jefa shi a jaka ya hau motar haya ta trotro daga Tech, wajen KNUST, zuwa kasuwar Kejetia, ya shirya sayen wani.

Mai tablet a gida ya gwada kafin ya kashe ko sidi ɗaya. Tsarin Sidecar na Apple na mai da iPad ƙarin allon Mac tun 2019, manhajar spacedesk kuma na mai da Android allon Windows. Ya isa karanta takarda ko sa ido kan WhatsApp.

Akwai tambayar da masu saye ba sa son a yi musu: da gaske yawo kake da laftof ɗin? Da yawa daga cikinmu tebur ɗaya take kwana take wuni. In haka ne, monita ta tebur ta hannu, Dell ko HP mai inci 22 ko 24, ta fi duk waɗannan girma da sauƙin ido, kuma sau da yawa ta fi araha. Aibinta ɗaya, tana tafiya tare da wuta. Ban kawo farashi ba da gangan, domin kayan nan dala suke bi. Ka zaga shago uku a Adum, ka duba shafin saye da sayarwa na Jiji, ka kwatanta a ranar da za ka saya.

Ranar kuwa ka tafi da laftof ɗinka a jaka. Mai shago zai ce maka, "Maigida, wannan kowace kwamfuta yana ci." Ka ce masa, "To ɗan'uwa, mu jona mu gani." Ka cire cajar laftof, ka jona allon da kebul ɗin da za a ba ka, ka danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Extend, ka ja taga ɗaya zuwa can. Ka ƙure haske ka bar shi minti goma. Ka buɗe fari fat ka nemi ɗigon da ya mutu, ka buɗe baƙi ƙirin ka duba ko haske na yoyo ta kusurwa. Ka ɗan girgiza kan kebul ɗin a raminsa, in hoto ya ɗauke, ramin ya yi sako-sako. Mai sayarwa ta intanet ma haka, ku haɗu ka gwada kafin ka tura kuɗi ta MoMo a waya, a kuma rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Kebul ɗin da aka yi gwajin da shi ne za a sa maka a kwali, domin na cajin waya da ke gida, duk da bakinsu iri ɗaya, yawanci ba ya ɗaukar hoto.