Ɗaukar hoto ko shirya fim: da wanne ya kamata ya fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙanenka da ya sayi kyamara zai fara da ɗaukar hoto ne, ko kuwa ya faɗa harkar fim kai tsaye. Kyamara ce ta haɗa sana'o'in biyu, amma yadda ake cin abinci da su ya sha bamban.

Mai ɗaukar hoto shi kaɗai yake aikinsa. Da kyamara ɗaya da fitila zai je wurin kamu ko walima, ya ɗauka, ya gyara a kwamfuta, ya miƙa aiki cikin 'yan kwanaki a sallame shi. Abin da yake koya a nan ba ƙarami ba ne, wato sanin haske da haƙurin jiran lokacin da za a buɗe fuskar amarya, domin idan wannan ya wuce shi babu mai maimaita masa.

Fim kuwa aikin gayya ne. Hotuna 24 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa ta fim ɗin silima, amma su kaɗai ba su isa ba, sai an sami labari da 'yan wasa da mai ɗaukar sauti da mai tace hoto, kuma kowannensu yana jiran haƙƙinsa watanni kafin kwabo ya dawo. Sautin nan shi ne ya fi kayar da masu hoto, domin mai kallo yakan jure hoto mai duhu, amma ba ya jure maganar da ba ya ji. A Kano kuma sai fim ya bi ta Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001.

Gordon Parks, baƙar fatar Amurka da aka haifa a Kansas a 1912, ya yi suna a duka biyun, kuma da hoto ya fara. Mujallar Life ta ɗauke shi aiki a 1948, amma sai a 1969 ya ba da umarnin babban fim ɗinsa na farko, bayan fiye da shekara 20 yana horar da idonsa.

Ni dai ina ganin ƙanenka ya fara da hoto, ya riƙa bin masu fim lokeshin yana ɗaukar musu hoton fosta, ya ga yadda darakta yake tafiyar da jama'a. Idan ya so karatun abin, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos.