Jama'ar Damagaram ku yi hattara da mai "ceton karnuka", jika 85 ya ci mini

Salamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya, yau dai na ce ko za a yi mini dariya sai na faɗa. Jika 85 (sefa dubu 85) nawa na kaina, da jika 40 na 'yan fadarmu, wato abokan zaman shayinmu, da na bi su ɗaya bayan ɗaya na karɓo na damƙa mishi. Jika 125 ke nan. A kan kare. Ku yi dariyar, uwargida ma ta riga ku.

Ni fa ba yaro ba ne, shekara 19 ina butik a gefen Kasuwa Dole, na ga masu jabun kuɗi, na ga masu zuwa da takardar likita ta ƙarya, na ga mai cewa kuɗin motarshi sun faɗi zai koma Tanut alhali jiya ma Magariya ya ce zai koma. Ba wanda ya taɓa shan ni basilla irin wannan. To amma ku ji yadda ya zo, sannan ku gaya mini in ku ne ba za ku yarda ba.

Da azahar ne, lokacin zafin nan na bazara da ko ƙadangare ba ya fita, ya tsaya da moto a ƙofar butik ɗina ya ce Alhaji ka taimaka mini da ruwa kaɗan. Na zaci shi zai sha. Sai ya sauke kwalin makaroni daga bayan moto, ya buɗe, ɗan kwikwiyo ne a ciki duk haƙarƙari a waje, idonshi ya manne da kwantsa. Ya tsiyaya ruwan a marfin bido ya tallabe kan ɗan karen yana ba shi, sannan ya juya kunnen, wallahi kaska ta cika ciki fal, ya zauna a ƙasa a bakin butik ɗina yana cire su ɗaya bayan ɗaya da farce yana jefawa cikin gwangwanin tumatir. Bai ce mini uffan a kan kuɗi ba. Ni ne da bakina na tambaye shi, malam wannan fa? Ni ne na tambaya. Wannan abin shi ke hana ni barci.

Shi ne ya ce wai yana da fili a hanyar Mirya, yana tattara karnukan da aka kama suna yawo cikin gari, waɗanda in ba wanda ya zo ya fanshe su kashe su za a yi, shi sai ya biya ya fitar da su, ya yi musu allurar haukan kare, in sun murmure ya ba masu garka da makiyaya da masu neman karen gadi. Ya kawo hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminshi ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta mishi. Hadisin gaskiya ne, yana cikin Buhari, duk mun ji shi a wajen malamai. Na zaro jika 2 na miƙa mishi, ya ƙi karɓa. Ya ƙi fa! Ya ce a'a Alhaji ajiye kuɗinka, sai ka je ka ga wurin da idonka tukuna. Ku gaya mini, wane ɗan damfara kuka taɓa gani ya mayar da jika 2? Ashe tarko ne, ya bar jika 2 don ya ɗauki 125.

Na farko jika 15 na ba shi, wai an kama karnuka shida an ba shi kwana uku ya fanshe su. A'a, ina jin na allura ne na farko, jika 30, saboda wannan hannu da hannu na ba shi a butik, na fansar kuma ta ajans na aika, resi ɗin yana nan. Ko ma dai wanne ne ya riga, 15 da 30. Sai 25 na ruwa da kwanon rumfa, kuma kowa ya san halin ruwa a Damagaram in bazara ta yi, mu kanmu 'yan garuwa muke jira, to ya turo mini bidiyo da dare karnuka suna haki harshe a waje ya ce Alhaji tun jiya ba su sha ba. Wa zai ga haka ya kwanta? Na tashi na aika. Sai 15 na ƙarshe, shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, zan zo kanshi.

Sau uku muna sa ranar zuwa filin. Ranar farko wai an yi mishi rasuwa a Matamaye. Ta biyu wai moto ta lalace. Ta uku na ce to ni zan zo da kaina da kabu-kabu, ya yi mini kwatance, na wuce inda ya ce na dawo na sake wucewa, ba komi sai gonar mutane da wani tsohon kango, na tambayi wani dattijo da ke kiwon awaki ya ce ɗana ni a nan aka haife ni ban taɓa jin gidan karnuka ba. Na kira waya tana shiga ba a ɗauka. Duk da haka fa ban farka ba, na dawo gida ina ba shi uzuri ina cewa ƙila ni ne ban gane kwatance ba.

Kuɗin 'yan fada kuwa kafin wannan ne. Mutum takwas, jika biyar-biyar. Muna shan shayi na nuna musu hotunan, har ɗaya daga cikinsu ya ce kai Alhaji mutane ba su ƙoshi ba sai kare, na yi ta musu da shi ina kare mutumin da ko sunan unguwarsu ban sani ba, na ce na ga aikinshi da idona. Me na gani? Kaska na gani a gwangwani. Yanzu sati biyu ban taka fadar ba, kuma jika 40 ɗin nan sai na biya su daga aljihuna ko sun ce sun yafe, don ni na kawo shi.

Ɗan ƙanwata ne ya tona asirin, yaro ɗan lise. Ya karɓi wayar ya buɗe bidiyon ya ce Kawu dubi ciyawar nan kore shar, dubi lambar motar da ke baya, wannan ai ba lambar Nijar ba ce. Cikin minti kaɗan ya nemo shafin a Facebook, na wata ƙungiya ce a wata ƙasa can, hotunan nan duka nasu ne, har wani jan kare mai ƙafa uku da mutumin ya ce mini shi ya tsince shi a Zango ya raɗa mishi suna. Har addu'a na yi wa karen nan.

To jika 15 na ƙarshe. Kwikwiyon kwalin nan ni na ce ya bar mini shi ya yi mini gadin gida, ya ce sai an yi mishi allura an yi mishi karne, wato littafin shaidar allura, jika 15. Ya kawo shi da ɗan littafi mai hatimi da sa hannu. Yarana suka ɗauka suna wasa da shi, yana lasar hannunsu, yana ɗan cizon su irin na wasa, hankalina kwance tunda an yi allura. Da abin ya fashe na kai karen da littafin wajen likitan dabbobi na gaskiya, ya duba ya girgiza kai. Ya ce in an yi allura ana ɓamɓaro 'yar takardar da ke jikin kwalbar a manna a littafin, nan ba komi, hatimin ma ba na kowa ba ne, kuma a ranar da aka rubuta ɗin karen bai kai wata uku ba, shi kuwa sai ya kai wata uku ake fara yi mishi. Jikina ya yi sanyi. Haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum ba a tashi, wannan kowa ya sani, kuma ɗan iskan nan ya san da yara a gidana, ya gan su, har ya shafa kan autana ya ba shi alawa. Kuɗi na iya haƙura, wannan kam ban yafe ba, Allah ya isa. An yi wa karen allurar gaskiya a gabana, kuɗin ko kusa da jika 15 ba su kai ba, alhamdulillahi yaran ma lafiya lau.

Na je na tambaya a inda ake tsare dabbobin da aka kama, ba wanda ya san shi, ba wanda ya taɓa karɓar dala daga hannunshi. Na kai ƙara komisariya, sun ce kar in sa suna da hoto tukuna, shi ya sa kuka ga ban sa ba, ba tsoro ba ne. Amma kaptir ɗin hirarmu ta WhatsApp da resi da muryoyinshi duka na adana, ina jiran yaron nan ya zo ya rufe mini lambobin in ɗora su, ku ji yadda yake cewa Alhaji Allah ya gina maka gida a aljanna. Dogo ne siriri, yana da tabo a gira, moto baƙa, kullum da kwali a baya. Lambarshi yanzu a kashe, ya yi layar zana, ko sama ko ƙasa. Wani ya ce mini an ga mai kama da shi da kwali a wajen tasha, ƙila wani kwikwiyon ya samo.

Kar ku ba kowa ko dala sai kun taka wurin da ƙafarku. Allura kuma a yi a gabanku wajen likitan dabbobi. In kare ya ciji yaro a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a wuce likita, kar a tsaya duba wani littafi.

Jika 85. Da 40. Kuma ni na tambaye shi, shi ruwa kawai ya roƙa. Karen yana nan ya yi ƙiba yana cin ragowar tuwo, uwargida ta sa mishi suna Jika Tamanin, in ta kira shi har maƙwabta sai sun leƙo ta katanga.