Hattara da mai sayar da ruwan maganin selenium a WhatsApp

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Naira 45,000 jama'a, dubu arba'in da biyar na tura wa matar nan a kan robobi uku na wani ruwa wai shi selenium, wani sinadari da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, wai zai gyara min gashi da fata har da maƙogwaro. Kuma kar wani ya ce min ban bincika ba, na bincika. Ta ce jikin ɗan Adam yana da furotin kala 25 masu aiki da selenium, na duba na ga haka ne, to wa ba zai yarda ba? "Hajiya iya shanki iya yadda jikinki zai ƙera su", maganar nan ce take ta dawo min a kunne.

Ashe nan ƙaryar take. Ƙanwata mai karatun harhaɗa magunguna ce ta zaunar da ni, bayan gashi ya fara cika min kum ke nan, a'a kafin nan ma Abban yara ya ce bakina na warin tafarnuwa alhali ban ci ba, farcena kuma sai karyewa. Ta ce Yaya, ƙwayoyin jiki su ke tsara abinsu, ba a yi musu dole. Kafin selenium ya shiga furotin sai an maida shi selenocysteine, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, gurbinsa kuma a saƙon da ƙwayar jiki ke karantawa ta ƙera furotin UGA ne, lambar da a ƙa'ida take nufin a tsaya, sai da wata alama a jikin saƙon ake wucewa. In ya yi ƙaranci jiki ya fifita wasu furotin ɗin irin su GPX4 ya rage wasu irin su GPX1, in ya wadata shi ke nan an kai maƙura, ragowar in ta yi yawa guba ce. Babban mutum maikrogram 55 yake buƙata a rana, kifi da ƙwai da nama sun isa, kuma ba a so a haura 400. Ko a Amurka a 2008 wani ruwan magani ya jikkata mutum sama da 200 don selenium ɗin ciki ya yi yawa.

Robar matar nan ko lambar NAFDAC babu, balle adadin abin da ke ciki, ta ce ai daga waje ake kawo mata. Da na yi magana ta ce dattin jiki ne ke fita in ƙaro roba biyu, daga nan ta yi bulokin ɗina. 45,000! Rasit da hirarmu duk suna nan, zan ɗora.

Kar ku saya. Wadda ta fara sha ta daina ta je asibiti.