Yaya, ki riƙa shafa jikin yaran da hannu

Yaya, ina gaisuwa, da fatan duk mutanen Mabera lafiya.

Makon jiya Ummi ta kwanta mana a nan Ingila. Zazzaɓi mai zafi, maƙogwaro ya hana ta haɗiye ko ruwan shayi, ga kaluluwa a wuya. Da a gida ne, na san maleriya za mu ce, ko Inna ta ce belu ne a kira wanzami. Kwana biyu ina yi mata wanka sai na ji ƙirjinta da cikinta kamar samfefa. Ido bai ga komai ba, hannu ne ya gaya mini. Harshen kuwa ya yi fari, daga baya ya koma ja jawur da 'yan tsiro-tsiro.

Sikalet fiba suke kiransa, ƙwayar cutar da ke kawo ciwon maƙogwaro ce ke haddasa shi. A jikin Bature kurjin ja yake fitowa, a fatarmu kuwa sai an taɓa. Ba shi da rigakafi irin na ƙyanda.

Ganin likita a nan akwai wuya, kada kowa ya ruɗe ki. Ƙarfe 8 na safe ake kiran waya, na daɗe a layi kafin a ɗauka, na yi ta tuna yadda mutum zai hau Keke ya je kemis ya dawo cikin minti goma. A nan ko kuka za ki yi, ba mai sayar miki da fenisilin, maganin wannan ciwon, sai an duba mara lafiyar an rubuta takarda. Amma da takardar ta samu, ko sisi ban biya ba, maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kyauta ne. Makaranta kuma suka ce ta zauna gida sai ta yi awa 24 da fara sha.

Kwana 10 cur aka rubuta mata. A rana ta uku ta miƙe tana wasa, kuma nan ne mu muke ajiye kwalba, ko mu sayi na kwana uku don tsada. Don Allah Yaya, kada ki yi haka. Ciwon da ba a kashe shi sarai ba yana iya komawa ya taɓa zuciya ko ƙoda. In wani cikin yaran ya haɗa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ki kai shi asibiti a duba.

Yanzu fatar yatsunta na saɓulewa, an ce haka yake yi. Ki gaida Inna.